Tarihin Zazzaɓi Mai Taɓa Ƙwaƙwalwa da Larurorin da Yake Bari a Ƙasar Garo

Zazzaɓin cizon sauro ciwo ne da kusan kowane mutumin ƙasar Kano ya sha kwanciya da shi, kuma galibi yakan zo ya wuce cikin 'yan kwanaki. Amma akwai nau'insa mai tsanani wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, ya jefa yaro cikin jijjiga da dogon suma. Idan ba a yi magani ba, da wuya yaron ya tashi. Ko an kai shi asibiti, cikin yara biyar ko shida ɗaya yakan rasu. Waɗanda suka farfaɗo kuwa, wasunsu sukan tashi da shanyewar ɓarin jiki, ko makanta, ko kurumta, ko ɗaukewar magana, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta da ba ya bayyana sai an sa su makaranta. An daɗe ƙwarai, a ƙasar Hausa da ma wajen likitocin Turai, ana kallon zazzaɓin daban, suman daban, nakasar da ke biyo baya ita ma daban. Tarihin wannan ciwo a ƙasar Garo tarihi ne na yadda aka gano cewa ukun nan tushensu ɗaya.

Ƙasar da lokacin ciwon

Garo gari ne a ƙaramar hukumar Kabo, a yammacin jihar Kano, kan hanyar da ta tashi daga birni ta bi ta Rimin Gado ta nufi Gwarzo, daga can ta shiga ƙasar Katsina wajen Dayi da Malumfashi. Ƙasa ce ta noman dawa da gero da masara da gyaɗa, ga fadamun rake da kayan lambu. Damina takan kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma da ita sauro ke yaɗuwa. Sauron da ya fi ɗaukar cutar a nan, wanda masana ke kira Anopheles gambiae, ba ya buƙatar babban ruwa. Ɗan ruwan da ya kwanta a sawun shanu, ko a kwarin kunya, ko a bakin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, ya ishe shi ya yi ƙwai. Shi ya sa zazzaɓi ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da amfanin gona ke nuna, hatsin bara ya ƙare a rumbu, kuɗi kuma ya yi wuya a hannu.

Tun daga zamanin gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa a jihar. Wannan yanki ya samu nasa rabon, irin su Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi, sannan babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye da aka gama a 1992. Madatsun sun kawo noman rani da kamun kifi, sun kuma bar ruwa kwance a watannin da a da ƙasa ke bushewa ƙayau, abin da ke ba sauro wurin zama a ƙauyukan gefensu bayan ɗaukewar ruwan sama.

Ƙwayar cutar da ke kawo zazzaɓi mai tsanani ita ce Plasmodium falciparum. Macen sauro ce ke zuba ta a jiki. Takan yi kamar mako guda a hanta, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana hayayyafa. Ƙwayoyin jinin da ta shiga sukan yi danƙo, su manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su cushe su kamar yadda yashi ke cushe magudanar ruwa. Daga nan ƙwaƙwalwa ta kumbura, sukarin jini ya faɗi, jijjiga ta yi ta maimaituwa. Jariri yakan samu 'yar kariya daga jinin uwarsa a watannin farko, babba kuma jikinsa ya saba saboda yawan kamuwa. Wanda ke tsakiya, daga ɗan wata shida zuwa ɗan shekara biyar, shi ne abin ya fi kayarwa.

Yadda mutanen da suka fahimce shi

Kafin zuwan asibiti, Bahaushe ya san zazzaɓi, ya san masassara da jante, yana kuma da magungunansu. Ana dafa sassaƙen maɗaci ko saiwar tafashiya ko ganyen rai-ɗore a sha, a yi sirace da su a lulluɓa har gumi ya karyo. Darbejiya, wadda yau ita ce kan gaba wajen siracen zazzaɓi, baƙuwa ce: daga ƙasar Indiya asalinta yake, kuma a zamanin Turawa aka shigo da ita Arewa ta Borno, wajen 1928. Ana danganta zazzaɓin kaka da raɓa da dukan ruwa da cin sabon amfanin gona. Lura ce ta gaskiya game da lokacin ciwon, sai dai ba ta kai ga sauro ba.

Da zarar yaro mai zazzaɓi ya sandare, idanunsa suka kakkafe, haƙora suka datse, to a idon mutanen gida ciwon ya sauya suna. Ya zama taune-taune, ko bugun tsuntsu, ko shafar iska. Maganinsa ma ya tashi daga hannun mai sassaƙe ya koma hannun malami ko boka ko 'yan bori. Akan ga tsohuwar gida ta karɓe yaron daga hannun uwar, a cusa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, a turara masa tazargade a kasko, a aika yaro da gudu ya karɓo rubutu, wani na tofi a kansa. In ya farfaɗo bayan kwana biyu ko uku da hannu da ƙafa a sake, sai a ce Inna ce ta sha shi, wato shan inna, sunan da ake ba kowace irin shanyewar yara ba tare da bambancewa ba. In kuma faɗuwa ta fara kama shi bayan watanni, wannan farfaɗiya ce, ciwon da ake jingina wa aljanu ko gado ko sammu. Ba mai haɗa ta da zazzaɓin kakar bara.

Malaman Musulunci suna da nasu fannin ɗibbu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani a ƙarni na 19. Masu bincike na zamani ma sun bi diddigin wannan ilimi a maƙwabtan ƙasar Garo. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, Lewis Wall ya fitar da littafinsa kan maganin Hausawa a 1988 bayan zama a wannan yankin, Nina Etkin da Paul Ross kuma sun yi nazarin tsirran da wani ƙauyen Kano ke ci da sha don zazzaɓi tun daga tsakiyar shekarun 1970. Abin da ayyukan nan suka nuna shi ne mutane ba sa tsayawa kan hanya ɗaya. Sukan gwada na gida, su gwada na malam, su gwada na asibiti, gwargwadon sunan da suka ba ciwon a ranar.

Zuwan Turawa

Matafiyan Turai na farko da suka iso Kano sun koka da zazzaɓinta. Clapperton a 1824 da Barth a 1851 duk sun ambaci Jakara da kududdufan birni, suna ganin tururin ruɓaɓɓen ruwa ne ke sa ciwo. Kwinin, wanda aka tace daga ɓawon wata itaciyar Kudancin Amurka a 1820, shi ya buɗe musu hanya. A 1854 wani matafiyin Turai, Baikie, ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, kuma babu wanda ya mutu a tafiyar. A 1880 Laveran, likitan sojan Faransa, ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya. A 1897 likita Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. A wajajen wannan lokaci ne likitocin Italiya, Marchiafava da Bignami, suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda zazzaɓi ya kashe, suka tarar da ƙananan jijiyoyinta cike maƙil da jini mai cutar.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, wannan ilimi ya zo tare da su, amma kansu suka fara karewa da shi. Suna ganin yaran 'yan ƙasa su ne matattarar cutar, don haka dokar gwamna Lugga ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin sauran jama'a. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin birni, wanda yau ake kira asibitin Murtala. Daga baya hukumar En'e ta kafa ɗakunan sha-ka-tafi a manyan garuruwan gundumomi, makarantar koyon tsafta ta Kano kuma ta riƙa yaye duba-gari. Tsofaffi har yau suna tuna duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsotsin sauro ya sa a tuntsurar da ruwan, wani lokaci har da tara. Sai dai ɗakin sha-ka-tafi ba shi da gadon kwantar da yaron da ya suma, birni kuma tafiyar yini ce ko fiye ga mai jaki. Mafi yawan irin waɗannan yara a gida suke warkewa ko su cika.

Zamanin feshi da kulorokwin

Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu makamai biyu masu arha, maganin feshi na DDT da ƙwayar kulorokwin. A 1954 aka fara gwajin feshi a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, amma cikin ɗan lokaci sauron ya daina jin ɗaya daga magungunan feshin da aka gwada, wato dieldrin. Gwaji mafi girma shi ne na Garki, a ƙasar Kano ta wancan lokaci, yau jihar Jigawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976. An fesa ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga ƙauyuka gaba ɗaya. Cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, mutuwar jarirai ta sauka, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, domin wani kaso na sauron a waje yake hutawa, ba a jikin bangon da aka fesa ba. Da aka tsayar da aikin, zazzaɓi ya dawo. A shekarun nan ne kuma aka yi wani binciken cututtuka a Malumfashi tare da Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Ingila, inda aka auna jinin mutane kafin damina da bayanta. Duk waɗannan ayyuka sun ƙirga masu cutar da masu mutuwa. Halin da wanda ya tsira yake ciki bai shiga lissafinsu ba.

A ƙauye kuwa, zamanin kemis ne. Nibakwin da sauran nau'o'in kulorokwin sun shiga kowane shago da tiren mai talla a kasuwanni irin ta Getso, kuma mutane sun san su da ɗaci da ƙaiƙayin da suke sawa. Allura ta samu daraja fiye da ƙwaya. Wannan ya haifar da wata larurar jijiya ta daban: allurar kwinin ko wani magani da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro takan taɓa babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta saki. Ita ma sai a kira ta shan inna. Ke nan a ƙarƙashin suna ɗaya akwai ciwon foliyo, akwai raunin allura, akwai kuma shanyewar da zazzaɓin ƙwaƙwalwa ya bari. Haka kurumta da taɓuwar hankali bayan suma suna iya zama aikin sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Kano a 1996. Lokaci yakan taimaka wajen rarrabewa, don sanƙarau na bazara ne, zazzaɓin sauro na damina da kaka, amma tabbaci sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an auna.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kulorokwin ya fara gazawa a Nijeriya, domin ƙwayar cutar ta saba da shi. Uwa takan ba yaro magani, zazzaɓi ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Wannan jinkiri ya sa yara da yawa suka riƙa isa asibiti bayan ciwon ya riga ya hau kai.

Yadda aka haɗa suman da abin da ke biyo bayansa

Likitoci sun daɗe suna ɗauka cewa yaron da ya farka daga wannan suma ya warke sarai. Bincike a asibitocin Afirka ne ya rushe wannan zato. A 1989 masu aiki a Bilantaya ta ƙasar Malawi suka fito da ma'aunin zurfin suman yara, mai duba motsin ido da kuka da yadda yaro ke janye jiki in an matsa masa, daga maki 0 zuwa 5. Wanda ya samu 2 ko ƙasa da haka yana cikin dogon suma. A 1990 wani rahoto daga Gambiya ya nuna cewa ɗan fiye da ɗaya cikin goma na yaran da suka tsira sun bar asibiti da wata nakasa. A 1992 likita Bondi na asibitin koyarwa na Ibadan ya bi sawun yara 62 da suka tsira, ya samu kusan ɗaya cikin shida da larura. Abubuwan da suka fi nuna yaro zai tashi da rauni uku ne: suma mai zurfi da daɗewa, jijjiga mai maimaituwa, da faɗuwar sukarin jini.

An kuma gano cewa larurorin ba tafiyarsu ɗaya ba. Makantar da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa, wadda ido ke nan garau amma yaro ba ya gani, sau da yawa takan washe cikin makonni ko watanni. Tangaɗi wajen tafiya da raunin ɓarin jiki ma sukan ragu. Wasu kuwa sai daga baya suke fitowa. Binciken Kilifi ta ƙasar Kenya a 2004 da na Malawi a 2010 sun samu farfaɗiya a kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka taɓa yin wannan suma, ninkin ba ninkin abin da ake samu a sauran yara. A Yuganda, rahoton 2008 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na da raunin fahimta shekara biyu bayan ciwon, musamman wajen tattara hankali. Irin wannan yaro ne a makarantar allo za a biya masa karatu da safe, kafin azahar ya zube, ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa faɗa da 'yan'uwansa. Malam ya ce ba ya ji, iyaye su ce ƙiriniya ce, a haɗa masa da bulala, alhali rauni ne a ƙwaƙwalwa.

Sauran binciken Malawi ya ƙara haske ta fuska biyu. A 2004 aka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da aka ce zazzaɓin ƙwaƙwalwa ya kashe wani ciwo ne ajalinsu, kuma duba cikin ido da fitilar likita yana taimakawa wajen tantancewa. A 2015 hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar da cewa kumburinta ne babban abin da ke tsayar da numfashin yara.

Akwai kuma wata larura da ba ta da yawa, wadda ta fi samun manya. Mutum ya warke, jininsa ya wanke daga cutar, sai bayan kwanaki ko makonni ya rikice, ya riƙa sambatu ko karkarwa ko jijjiga. An bayyana ta a Biyetnam a 1996, an kuma lura ta fi zuwa ga waɗanda suka sha maganin mefloquine. A Siri Lanka an ga mai kama da ita a shekarun 1980, mai sa tangaɗi. Dukansu sukan wuce da kansu.

Sababbin magunguna

A ranar 25 ga Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage ɓarnar zazzaɓin cizon sauro. A 2005 Nijeriya ta ajiye kulorokwin ta koma haɗin magunguna masu sinadarin artemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace daga wani tsiro a ƙasar Sin a 1972. A 2009 Kano na cikin jihohin farko da aka raba gidan sauro mai magani, biyu ga kowane gida. Ga ciwo mai tsanani kuwa, gwajin da aka buga a 2010, wanda ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara har da asibitin Ilori, ya nuna mutuwa ta kasance kashi 8.5 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa allurar atesunet, kashi 10.9 ga waɗanda aka ba kwinin. Daga 2011 atesunet ya zama zaɓin farko. Sai dai gwajin bai nuna wani bambanci a yawan masu tashi da nakasa ba. Maganin yana kashe ƙwayar cutar da sauri, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku kafin a iso.

Saboda haka nauyi ya koma kan hana ciwon tun farko. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata a lokacin damina. An fara a Katsina a 2013, daga baya ya game jihohin Arewa har da Kano. Masu rabo, galibi mata, sukan shiga gida-gida, su narka ƙwayar farko a cokali su ba yaro a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a ƙofar gida. Ƙididdigar ƙasa ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu cutar a jini sun ragu daga kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. A Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk da haka, Nijeriya ce ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya.

Halin da ake ciki

Yaron da ya suma a Garo ko Durun ko Kutama yau yana da hanyar da kakansa bai samu ba: cibiyar lafiya ta kusa inda ake gwajin jini na ɗan yatsa, babban asibitin Gwarzo, sannan manyan asibitocin birni irin su Murtala, da na yara na Hasiya Bayero, da asibitin koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988. Ma'aikatan lafiya suna koyar da cewa a kwantar da mai jijjiga ta gefe, kada a cusa masa komai a baki, kada a yi masa ɗura, a nufi asibiti nan take. Gidaje da yawa sun haɗa biyun, ana tofi ana neman abin hawa.

Kulawar bayan sallama ita ce ta rage a baya. Gashin ƙashi, da gwajin ji, da likitocin ƙwaƙwalwar yara, da makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, duk a birni suke, kuma zuwa can kowane wata yana cin kuɗin mota da yinin aiki. Farfaɗiya tana da magunguna masu sauƙin kuɗi da ke tsayar da faɗuwa ga mafi yawan masu shan su kullum, amma tsohon zaton cewa ana ɗaukarta ta yawu yana sa a ware wa yaro kwano, a hana shi makaranta, in mace ce aure ya yi mata wuya. Ciwon ba ya yaɗuwa ta kowace irin cuɗanya. Haɗarinsa na gaske shi ne faɗawa wuta a madafa ko ruwa a bakin madatsa. Dokar kare haƙƙin masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu bambanci, amma ɗawainiyar yau da kullum tana kan uwa da kaka. Shawarar likitoci ita ce duk yaron da ya taɓa dogon suma da zazzaɓi a mayar da shi a duba ganinsa da jinsa da tafiyarsa da maganarsa bayan sallama, a kuma sanar da malaminsa tarihin ciwon idan ya shiga makaranta.